Sai Baƙi Sun Tafi

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ka koma lafiya, ka iske iyali lafiya. Kada ka yi mamakin ganin takarda. Wayarka ta zama ta ado, in na kira sai ta yi ta ƙara har ta gaji, ni kuwa malama ce, biro bai taɓa ƙi na ba.

Har yau ina jin daɗin zuwanka. Rabonka da kwana a gidan nan tun rasuwar Inna, sai ga ka kwatsam da jaka da takalmin roba kana cewa in kai ka fadama. Ranar bakina har kunne. Na ɗauka aikin birni ya cire maka ita daga rai, ashe tana nan. Muka bi ta lungu-lungu, kana tambaya ina tsuntsaye suke sauka, ina suke kiwo, kana rubutawa kamar ɗan aji ɗaya. Abu ɗaya ne ya rage min daɗi, ka zo baƙina ba sa nan. Da ka zo da sanyi da ka ga fadamar ta yi fari fat da tsuntsayen tekun nan masu jan baki da jan ƙafa, suna ta kukansu mai kama da shewar malamai mata a ɗakin hutu. Amma ai ka san halinsu. Da zafi ya leƙo, kawunansu suka yi duhu, sai su tattara su yi arewa, ba a sake ganinsu sai wani sanyin.

Ga dalilin takardar. Makon jiya na kai 'yan ajina fadama darasi, muka iske an kafa turaku masu jan ƙyalle tun daga bayan katangar makaranta har bakin gada. Da na bincika aka ce wani kamfani ne zai cike ta da ƙasa ya yi tashar manyan motoci. Wai sai an yi zaman jin ra'ayin jama'a kafin a ba su izini. Nan take na tuna ai ina da kai. Wannan aikinka ne, kai ka san yadda ake rubutun da hukuma ke saurare. Ka rubuto min abin da zan tashi in faɗa, ka sa sunanka da digirorinka a ƙasa. Na riga na cika baki a makaranta cewa ƙanena zai yi maganinsu, don Allah kada ka kunyata ni.

Ka gaida matarka, ka shafa min kan yara.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Amin wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na kuma gode da ɗawainiyar da kika yi da ni. Iyali suna gaishe ki. Ki gafarce ni kan waya, aiki ne ya sha min kai.

Game da fadama, ina so ki kwantar da hankalinki ki dubi abin da idon ilimi. Tsuntsun nan ba namu ba ne mu kaɗai. Yana ƙyanƙyasa a ƙasashen sanyi tun daga wannan gefen duniya har wancan, in ƙanƙara ta rufe masa ruwa sai ya gangaro kudu ya bazu a bakin teku da tafkuna da tashoshin jiragen ruwa, har juji yana ci. Yawansu ya wuce a ƙirga da hannu. Masu lura da halittun duniya sun kasa tsuntsaye rukuni-rukuni, daga waɗanda suka kusa ƙarewa har zuwa na ƙasa duka, wato waɗanda babu damuwa a kansu. To, naki a nan ƙasa suke. Duk wanda ya tashi a zama ya ce a hana aiki saboda su, da wannan kalma ɗaya za a zaunar da shi.

In aka cike fadamar ba mutuwa za su yi ba, gaba za su ƙara su sami wani ruwan. Shi ya sa ba zan iya rubuta abin da kika nema ba, kuma shawarata ki janye jikinki. Kin kusa ritaya, bai kamata a gan ki kina sa-in-sa da kamfani ba. In don darasin yara ne, zan aiko miki da hotuna masu kyau ki manna a aji.

Allah ya ƙara girma.

Ƙanenki.

*

Auta,

Ina gaishe ka don an koya mana gaisuwa.

Na karanta darasinka, na gode. Wanda na riƙe wa madubin hangen nesa don hannunsa bai iya ɗauka ba, yau shi ke gaya min inda tsuntsu ke ƙyanƙyasa. Ban ji haushin wannan ba, har ma na so in yarda da kai. Sai shekaranjiya.

Shugaban makaranta ya tara mu a ɗakin malamai, wai kamfanin ya turo wakili ya yi mana bayani. Wani santalelen mutum, yana ta ƙamshi. Da ya gama na miƙe na ce ba mu yarda ba, na ce ina da ƙane masani, in ya ga dama zai tona duk abin da suka rufe. Mutumin ya tambayi sunanka. Da na faɗa sai ya washe baki ya ce, "Ai Malama an zo gida. Shi ya yi mana binciken, kuma ya ce ke da kanki kika zagaya da shi." Ya buɗe rahoton ya karanto mana inda ka ce nau'in ba abin damuwa ba ne, kuma ba a ga ko ɗaya ba a lokacin bincike.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Malamin lissafi, wanda kullum yake min ba'a da uwar tsuntsaye, ko kallona bai iya yi ba. Yanzu a unguwa ana cewa da ni aka haɗa baki, ina ihu a fili ina nuna hanya a ɓoye.

Ka ci amanata, Auta. Ba zan zagaya ba, sunan abin ke nan. Na gyara maka ɗaki, na ɗauki hutu a makaranta, na shiga taɓo har gwiwa da wannan ƙafar tawa, ina murna ƙanena ya tuna da ni, ashe 'yar jagora aka samu. Da ka ce min aiki ya kawo ka, da na yi faɗa na gaji, amma da ban ji abin da nake ji yanzu ba.

Kuma ba a ga ko ɗaya ba? Ina za a gan su da zafi? Wanda ya je makaranta ranar hutu ya rubuta cewa ba ta da ɗalibai, me sunansa? Na yarda suna da yawa a duniya. Ni ban san duniya ba, fadamar nan na sani, kuma yaran ajina ba su da wata. Abu ɗaya nake so ka amsa min tsakaninka da Allah: wa ya zaɓi lokacin da ka zo?

Yayarka, ko da ba ka ɗauke ni haka ba.

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina kuma ba ki haƙuri. Ya kamata in gaya miki, na rasa ta inda zan fara ne, don na san ba za ki saurara ba.

Amma ban rubuta ƙarya ko ɗaya ba. Na ce ba a gan su ba, kuma ba a gan su ba. Na ce babu damuwa a kansu, kuma haka yake a littafi. Lokacin zuwa kuwa ofis ne ke tsarawa, ni ma'aikaci ne, ranar da aka ce in tafi na tafi. Da na ƙi, wani za a tura wanda bai ma san hanyar fadamar ba.

Ki bar ni in faɗi nawa ni ma. Samarin da kika koyar suna nan zube a bakin titi ba aikin yi, tashar nan za ta ɗauki da yawansu. Tun muna yara in sanyi ya zo ba a samun kanki, ko Inna ta sha faɗin haka. Wani lokaci ina ganin kin fi jin kukan tsuntsu da na mutum.

Ga roƙona. Na ji an sa zaman nan gaba kaɗan. In kin ga dole sai kin je, ki yi maganar yara da darasi, ki yi maganar ambaliya, duk wannan haƙƙinki ne. Amma kada ki ambaci lokacin da na zo. A aikinmu ba a binciken tsuntsu mai ƙaura sai a lokacin da yake nan, in maganar ta kai ga hukumar da ke ba mu lasisi, za su iya ƙwace nawa. Kamfani zai nemi wani ya ci gaba, ni ne zan zauna a gida da yara. Ba mu da kowa sai juna, Yaya. Ki dubi zumunci.

Ƙanenki Auta.

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum Yaya, ina wuni, ya aiki, ya ƙafar? Yara suna ta tambayarki. Baban yara bai san na rubuto ba, don Allah ya tsaya tsakaninmu.

Ni ban san kan abin da ya haɗa ku ba, ya dai ce min maganar aiki ce. Amma mutumin nan ya rame, abinci sai ya tsakura ya ture, yara sun daina zuwa kusa da shi. Yaya ke ce babba, ke ce uwa a wajenmu, ki yi haƙuri ko me ya yi.

Wallahi yana ji da ke fiye da yadda kike zato. Bari in ba ki misali da zuwan nan da ya yi. Tun ana tsakiyar sanyi ofis suka ce ya tafi, har an ba shi mota, na haɗa masa kaya. Ya ce a'a, yanzu Yaya tana da baƙi, wajenta ba masaka tsinke, a bari sai sun tafi. Suka sake matsa masa, ya sake ɗagawa, har ransu ya ɓaci. Na ce masa su waye waɗannan baƙi da suka yi wata da watanni, ko dangin maigidanki ne marigayi? Ya yi dariya ya ce masu zuwa duk shekara ne, shi ya san lokacin tafiyarsu. Kin gani, ya gwammace ya ɓata da ofis da ya zo ya ƙara miki ɗawainiya, so yake ya same ki ke kaɗai ku sha hira. Wanda ya yi wannan ai ba zai cuce ki da gangan ba.

Allah ya huci zuciyarki, ya bar zumunci.

Ƙanwarki, maman yara.

*

Auta,

Ina gaishe ka da iyali.

An yi zaman jiya. Na tafi da niyyar yin yadda ka roƙa, har na shirya maganar ambaliya, don na yarda ofis ne suka zaɓa maka lokaci. Ana gobe zaman takardar matarka ta iso. Ta zo ba ni haƙuri ne, ta yaba maka da ka ɗage tafiya har sai baƙina sun tafi. Ba ta san su waye baƙin ba, kada ka ga laifinta, kuma in na ji ka ɗaga mata murya sai ranka ya ɓaci.

Na tashi na faɗi lokacin da aka yi binciken. Shugaban zaman ya tambaye ni ina na sani, na ce a gidana mai binciken ya sauka. Ya ce ko mai binciken ya san ba sa nan a lokacin. Na ce ya sani, ni na koya masa.

Sun dakatar da izinin sai an sake bincike da sanyi, kuma za su rubuta wa hukumarku. Mutane sun yi ta tafi. Ni ban ji daɗin komai ba, na dawo gida na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Inna.

In abin ya kai ga zaman gida, ka turo min yara, ba za su rasa komai ba. Ɗakinka yana nan, ban kulle ba. Amma duk ranar da za ka zo, ka tsaya a bakin ƙofa ka fara gaya min abin da ya kawo ka.

Ka huta lafiya.

Yayarka.