Inna, Sadik Bai Dawo Daga Kasuwa Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Allah Ya kai haske kabarinki.

Yau da hantsi jami'an tsaro sun kwashe samari a bakin Kasuwar Gombe, bayan an tsinci wata jaka da ba a san mai ita ba. Jikanki Sadik bai dawo gida ba. Da na je makarantarsu, sai aka ce mini mako uku ke nan rabonsa da aji. Ni da nake tace labaran gari a gidan rediyo, ni ce ta ƙarshe da ta sani.

Tun da kika rasu ba wanda yake tarbarsa in ya dawo. Mahaifinsa yana aiki a Legas. Ina fita kafin ya karya, in dawo unguwarmu Dawaki bayan shingayen bincike sun cinye sauran haƙurina. Ya yi magana, in daka masa tsawa.

Ranar da bam ya tashi a gari, ofis na fara kira kafin gida. Ya sani. Bai taɓa yi mini zancen ba.

Watanni biyu da suka wuce ya tsaya a ƙofar kicin, ya ce wasu manyan yara suna tare shi a hanya, wai ko ya shiga cikinsu ko su sare shi. Ina yanka albasa, waya a kunne. Abin da nake tambayar masu kawo rahoto shi na tambaye shi: wa ya gani, wa zai tabbatar? Ya dube ni, ya fita. Daga nan ya daina kawo ƙara. Sai faɗa, sai ƙarya, sai wuƙa da na gani a ƙarƙashin katifarsa na mayar, na ce sai na samu sarari.

Kin sha gaya mini, "Hadiza, yaro ba ya jiran ki tashi daga aiki kafin ya girma." Shekararsa goma sha biyar, Inna. Na san yadda ake daɗewa ba a ji ɗuriyar waɗanda aka kwasa a irin wannan lokaci ba, ni nake karanta sanarwar cigiyarsu. Tsoro nake ji, Innata.

Allah Ya gafarta miki, Ya dawo mini da shi in saurare shi.

Ƙaninki Kawu Bappa ya je caji ofis. An ce masa akwai wani yaro mai tabo a gira irin na Sadik cikin waɗanda aka tsare. Har yanzu ba a bar shi ya gan shi ba.

'Yarki,
Hadiza