Tankin Bakin Kalimas

Surabaya, watan Rajab

Zuwa ga matata Marhama,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Inna, yaya yara? Ni lafiya, sai dai aiki ya tsaya.

Kin san hanyar abincinmu: Amurkawa su kawo kananzir a gwangwanaye, mu sauke da kwale-kwale mu kai bakin kogin Kalimas. To, wasu Turawan sun zo da man Rasha, tsiyaye a cikin jirgi kamar ruwan randa, bututu ya zuƙe shi zuwa wani ƙaton tanki. Ba su bukatar kowa. Nasu ya fi araha, matan kasuwa sai murna, mu kuwa muna zaune muna kallon ruwa.

Ƙanena Bunawi ya karɓi gadin tankin. Matrawi, abokin tuƙina, kullum sai ya ce, "Ina ƙanen naka, karen Turawa?" In yi dariya, amma maganar tana cina.

Mijinki, Sahwi

Surabaya, watan Sha'aban

Marhama,

Ina gaisuwa, da fatan tarin Inna ya lafa. Ki yi mini addu'a.

Matuƙan kwale-kwale sun haɗa baki za su cinna wa tankin wuta. Na ce musu Bunawi a gindinsa yake kwana. Matrawi ya ce, "Sai ya zaɓa, ko mu ko tankin." Na je na roƙi Bunawi ya bar aikin. Ya ce, "Yaya, in na bari, kai za ka ciyar da 'ya'yana?" Na juya na tafi.

Naki, Sahwi

Surabaya, bayan Sallah

Marhama,

Barka da Sallah, ina fata kun yi lafiya.

Na gaya wa Bunawi ranar da matuƙan suka sa don cinna wutar, shi kuma ya gaya wa Baturensa. An kama Matrawi da wasu, an tura su aikin fursuna cikin sarƙa. Matar Matrawi ta tsaya a bakin masallaci ta tofa mini yawu. Kwale-kwalena an huda shi, yana ƙarƙashin kogi.

Abin da ya fi ci mini rai: makon jiya Amurkawan suka fara gina nasu tankin, dab da wancan. Na ga Turawan ɓangarorin biyu suna shan shayi tare a inuwarsa.

Zan hayo jirgin Madura in taho gida ran Alhamis. Ki gaya wa Inna 'ya'yanta biyu suna raye. Sauran ki bar shi a cikinki.

Mijinki mai kewarki, Sahwi