Sista Mai Awo Ba Ta Je Awo Ba

Talata, 4 ga Maris
Ranar awon ciki, benci cike har bakin ƙofa. Na yi wa mata bayanin tazarar haihuwa kamar kullum, suka yi tsit. Ba yabon kai ba, a asibitin nan babu mai hannuna. In na ɗora tafi a kan ciki, na san kwanciyar yaro kafin a kunna na'ura. Wata ta zo da ciki wata bakwai, ga goyo a baya, yau ne zuwanta na farko. Na wanke ta tas.

Alhamis, 13 ga Maris
Layi biyu a tsinken gwajin ciki. Na sake gwadawa a banɗakin ma'aikata, layi biyu dai. Auta ko yaye shi ban yi ba. Allurar tazarar haihuwa da nake tsira wa matan gari ce na yi ta cewa gobe zan yi tawa, gobe zan yi tawa. Ni!

Asabar, 15 ga Maris
Na gaya wa Baban yara. Sai da ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce Allah ya raba lafiya. Wai, "To Sista, wa zai yi miki faɗa yanzu?" Gaskiya ba na murna, kuma haushin kaina nake ji.

Talata, 8 ga Afrilu
Na sa tela ya buɗa mini rigunan aiki. Na ce masa wanki ne ya tsuke su.

Asabar, 17 ga Mayu
Baban yara ya tambaya ko na buɗe katin awo. Na ce me zan yi da kati, ai ni ce awon. In zauna a bencin nan, tsakanin matan da na yi wa wa'azi, ƙaramar nas ɗin da na koya wa riƙe sirinji ta kira sunana? Allah ya kiyaye. Maganin ƙarin jini ina sha, nauyina na sani. Me ya rage?

Talata, 24 ga Yuni
Bayan an tashi na rufe ɗakin awo na gwada jinina. Da haƙori na ja maɗaurin na'urar. Ya hau. Na ce hawan bene ne, na huta na sake. Ya hau dai. Na yi ta sakewa har na samu lambar da ta yi mini, ita na ɗauka. Takalmina ya matse, silifas na sa na koma gida.

Lahadi, 6 ga Yuli
Ciwon kai tun jiya. Zobena ya ƙi fita. Da wata ce ta zo mini a haka, da ko gida ba zan bar ta ta koma ba. Amma na san jikina.

Laraba, 9 ga Yuli
Daga kan gadon asibiti nake rubutu. Jiya ina tsaka da bayani sai na ga wuta-wuta a idona, fuskokin matan suka rabu biyu. Na dafa tebur na ƙarasa maganata, wannan kam ban faɗi ƙasa a gabansu ba. Matiron, shugabarmu, ta ja ni ofis, ta durƙusa ta danna ƙaurina da yatsa. Ramin da yatsan ya yi ya zauna.

"Wata nawa, ƙanwata?"

Na ce shida, Anti.

"Tun Afrilu na gani. Na zuba ido ki kawo kanki, ashe ke taurin kanki ya fi na kowa."

Ita ta gwada ni, sau ɗaya tak. Ba ta faɗi lambar ba, ta dai aika a kira likita da gudu. Ya ce saura ƙiris jijjiga ta kama ni, da ni da yaron duka ba tabbas. Ta gaban bencin aka tura ni a keken marasa lafiya. Na ɗaga kaina sama. Wata ta ce, "Sannu Sista, Allah ya sauwaƙe." Babu wadda ta yi dariya, na kasa kunne sosai.

Juma'a, 11 ga Yuli
Jinin ya sauka kaɗan. Sun ce zan zauna a nan sai abin da hali ya yi. Baban yara ya kawo Auta, ya daina tsokana, idonsa ja.

Da rana ƙaramar nas ta zo da na'urar jin bugun zuciya. Ta ɗora a inda ba nan ba, na kama hannun na mayar mata ƙasa kaɗan ta hagu. Sai ga shi, da sauri, da ƙarfi. Na ji na 'ya'yan mutane ba adadi, wannan kuwa tun da ya shigo ban taɓa neman jin sa ba.

Ta ce lafiya lau, za ta ɗauke. Na ce ta bari tukuna, ina so in tabbatar batirin bai yi sanyi ba. Ta bari.