Tsatsar Poton da ke Gonata

Zuwa ga ɗana Lamine,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya tsare ka da kurân, wato wutar lantarki, da kake aiki da shi a ƙasar mutane. Mu nan Urafane lafiya lau. Gero ya yi kai, ƙafar uwarka Zara'u ta yi sauƙi, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba.

Dalilin takardar nan, ka san dogon poton ƙarfe, wato turken wayar wuta, da aka kafa mini tsakiyar gona ba a tambaye ni ba. Farantan gilashin da ke riƙe da waya a samansa, ƙusar ƙarfe ce ke haɗa su. Damina uku ina gaya wa ma'aikatan wuta tsatsa na cin ƙusar, suna ce mini tsoho ba ya gani daga ƙasa. To, ran Talata faranti guda ya faɗo, taku biyu tsakaninsa da jakina. Ƙusar ta zama kamar tsinken sakace. Sauran na can suna lilo, rumbuna kuma yana ƙarƙashinsu.

Na auno man gyaɗa, irin wanda nake shafa wa galmata shekara arba'in ba ta yi tsatsa ba, na ɗaure tsani biyu zan hau. Uwarka ta ɓoye tsanin a gidan maƙwabcinmu Jibo, wai wuta za ta gasa ni. Jibo kuwa, da bai taɓa gyara ko ƙotar fartanya ba, yana yawo kasuwa yana kirana injiniya. Ma'aikatan sun zo neman farantinsu, na ce sai sun faɗa gaban Jibo cewa ni na fara ganin tsatsar. Sun ƙi, yanzu farantin ne murfin randarmu.

Ka taɓa ce mini a can wutarku hanya guda take bi, ba ta komowa, shi ya sa tsatsa ta fi cin ƙusa, har kuke sa mata zoben tutiya ta ci shi ta bar ƙarfen. Ina son zoben nan kafin a yanke gero. Kada ka aiko, ka kawo da hannunka, don shekara huɗu ke nan kai ma hanya guda ka bi.

Ka gai da matarka Samira da jikata Munira. Zara'u na gaishe ka. Jibo ma ya ce a gaishe ka, ban karɓa ba.

Ni ne mahaifinka,
Na Allah