Sai ya zo da ƙafarsa

Maraɗi, daren Laraba, cikin azumin 1994

Habu ya ce ya yarda ya je wurin malamin Jiratawa. Wurare uku na duba saboda ƙwayar da ke cin ƙanen nan nawa. A asibiti ana yajin aiki. Malamin jinya ɗaya na iske, ya ce tun faɗuwar darajar sefa allurar barci kaɗai ta rage musu. Mai maganin Tibiri kuwa mari yake sa wa mutum a ƙafa. Da na gaya wa Inna sai ta ce, "Mari? Ɗan nawa akuya ne?"

Malamin Jiratawa ba ya ɗaure kowa. Rubutu ake sha, a yi ban ruwa a garka har jiki ya gaji. Amma ba ya karɓar wanda aka kawo. Ya ce mini, "Kada ka ɗauko shi bisa babur. Ya zo da ƙafarsa, ya yi sallama da bakinsa."

Nan ne hankalina ya fi kwanciya, nan ne kuma na fi tsoro, don ba abin da zan iya yi masa. Bayan shan ruwa Habu ya ce, "Yaya, da asuba zan kama hanya." Idonsa jajur ya faɗi haka, ya fita. Har yanzu bai shigo gida ba.