Ƙarar Fankar da Mama Take Saurare

Anti, don Allah ki taimake ni. Kaina ya ɗaure, kuma duk wanda zan kai wa maganar nan sai in ga kamar dariya zai yi mini.

Ni mai zanen gine-gine ce, a gida nake yi wa ofishinmu aiki. Kwamfutar da nake amfani da ita ƙanena ne, autanmu, ya haɗa ta da hannunsa shekara tara da suka wuce. Ɗaya bayan ɗaya ya tsinto kayanta, ya baje su a tsakar ɗaki yana ɗaurawa, ni kuma ina yi masa tsiya wai injin niƙa yake haɗa mana, don fankarta akwai ƙara. Bara ya rasu, jinyar kwana huɗu kacal.

Yanzu kwamfutar ta gaji. Sabuwar manhajar da ofis suka koma kanta, ina buɗewa sai komai ya sandare. Sau biyu ina rasa zanen wuni guda. Shugabana ya yi mini kara har ya gaji, ya ce in wata ya ƙare ban gyara ba zai ba wani aikin, kuma da aikin nan nake riƙe da gidan. Mai gyara ya duba, ya ce babban allon ciki da ƙwaƙwalwarta da ma'ajiyarta da fankar duk sai an sauya, akwatin kawai zai rage. Har albishir yake mini wai sabuwar ko motsinta ba zan ji ba.

To nan matsalar take. Mama idonta ya yi rauni sosai. Tun bayan rasuwar, kullum da hantsi ina kunnawa sai ta lallaɓo tana dafa bango, ta zauna a kujerar bakin ƙofa. Na ɗauka ni take taya zama. Sai ranar da aka ɗauke wuta ƙarar ta tsaya, ta miƙe ta ce bari ta koma ɗaki tunda yaron ya fita. Anti, ba ruɗewa ta yi ba, ta san ya rasu. Amma shekara takwas ƙarar nan ce take gaya mata yana gida, don in yana nan kullum kwamfutar a kunne take.

Ranar da mai gyara ya buɗe akwatin kuma, na ga auta ya manna 'yan takardu a jikin wayoyin, da rubutunsa mai kama da tafiyar tsutsa. A ɗaya ya rubuta wai Yaya, kar ki taɓa nan. Cewa na yi a rufe kawai.

Sayen wata daban ba ni da halinsa. Na yi tunanin in sauya a ɓoye in ce mata lalacewa ta yi. Wani lokaci har haushinta nake ji, sai kuma in tsani kaina. Ni ma fa ƙanena ne, amma ban samu sararin yin kuka ba. Yaya zan yi?

Taki, Yayar Auta

Amsar Anti:

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan auta, ya ba ku haƙuri. Babu abin dariya a wasiƙarki.

Ki yi gyaran, kuma cikin makon nan. In aikin ya kuɓuce, ke da Mama za ku sha wahalar tare. Kafin a kwance ko ƙusa ɗaya, a kwafe duk abin da ke cikin tsohuwar ma'ajiyar zuwa wuri biyu, ita kuma ki karɓi abarki ki adana. Takardun nan ki ɓare su da hannunki. Auta ya rubuta su ne don kada ki ɓata abin da kike aiki da shi, ba don ya ɗaure miki hannu ba.

Sai dai Mama ma tana da gaskiyarta. Ki tambayi mai gyaran ko zai iya barin tsohuwar fankar a jikin akwatin, sau da yawa yana yiwuwa. Amma ɓoye-ɓoye ki bar shi. Wadda idonta ya yi rauni kunnenta ba ya cin ƙarya, kuma in ta gane, ta yi rashi biyu. Ki zaunar da ita ki faɗa mata komai, ki sa mata tsofaffin kayan a tafin hannu, ki karanta mata abin da ya rubuta.

Ba zan ruɗe ki ba: fankar da ta shekara tara tana juyi, ko an bar ta, wata rana za ta tsaya. Abin da ya fi damuna shi ne shekara guda kuna zaune ɗaki ɗaya, uwa da 'ya, kuna sauraren fanka, babu wadda ta ambaci sunansa. Gobe da hantsi in ta zauna a kujerar nan, ki juyo ki ba ta labarin injin niƙa. In kuka ya zo, ku yi shi tare. Ranar da ƙarar za ta ɗauke gaba ɗaya, ya zamana akwai muryar da ta saba ji a ɗakin.

Allah ya dafa miki, ya ƙara wa Mama lafiya.