Bana Wani Ya Hau Rumbu

Yaya Kailu,

Ina gaishe ka. Ya jikin Inna? Ya mutanen Filinge?

Lafiyata lau nan Abijan, sai ɗan jiri. In na ɗaga kai, gini da mutane sai su yi ta juyawa. Likita ya ce daga cikin kunne yake, ya ba ni magani. An sauke ni daga saman gini, yanzu yashi nake tankaɗewa. Salla ma a zaune nake yi.

Inna na jira in zo in jera mata gero a rumbu kamar kullum. Ka ce mata aiki ya riƙe ni. Gara ta yi fushi da ta gan ni a ƙasa ina miƙa dami.

Allah ya sada mu.

Ƙaninka,
Albarka